Manzo Bulus, Macijin Malita da Duwatsun da Aka Jingina Masa

Duk wanda ya taɓa shiga gonar auduga a Daudawa bayan ɗaukewar ruwa, ko ya je ɗebo kirare a bayan gari a ƙasar Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara, ya san ba a cusa hannu cikin tarin itace da garaje, sai an fara zungurawa da sanda. Manzo Bulus ma ya taɓa ɗebo kirare da maciji a ciki, a tsibirin Malita. Abin da ya faru a ranar ya bi sunansa har shekara fiye da 1,500, ya shiga fadojin sarakunan Turai da shagunan masu magani ta hanyar da shi kansa bai yi zato ba. A wannan mako za mu bi rayuwar wannan bawan Allah, za mu kuwa daɗe a Malita, gama akwai abin da ya shafe mu a can.

An haifi Bulus a Tarsus ta ƙasar Kilikiya, a kudancin ƙasar da muke kira Turkiyya a yau, a farkon ƙarni na ɗaya. Bayahude ne daga kabilar Biliyaminu, sunansa na gida Shawulu, kuma da 'yancin ɗan ƙasar Roma aka haife shi. Ya yi karatun Attaura a Urushalima wurin babban malami Gamaliyel, ya zama Bafarisiye mai tsananin kishin addini. Yana da sana'ar hannu kuma, wato ɗinkin tanti, da ita ya riƙa ciyar da kansa har bayan ya zama manzo. Farkon bayyanarsa a Littafi Mai Tsarki ba abin yabo ba ne: shi ne saurayin da aka ajiye tufafi a gabansa sa'ad da ake jifan Istifanas. Daga nan ya shiga bi gida gida yana kama masu bi, har ya karɓi takardun izini ya nufi Dimashƙu. A hanya Yesu Almasihu ya gamu da shi, ya makance kwana uku, sai Hananiya ya ɗora masa hannu ya warke, aka yi masa baftisma.

Barnaba ne ya je Tarsus ya ɗauko shi zuwa Antakiya, ikilisiyar Antakiya kuma ita ce ta aike su da bishara. Ba mu da filin bin tafiye-tafiyensa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti, inda aka kai shi gaban mai mulki Galiyo, kuma wani rubutu da aka tono a Dalfi ta ƙasar Girka ya nuna Galiyo yana kan mulki a wajen shekara ta 51 zuwa 52, shi ya sa masana suke iya sa wa rayuwar Bulus kwanan wata. Cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, wasiƙu 13 suna ɗauke da sunansa. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ya lissafta wahalarsa: bulala 39 har sau biyar, dūka da sanduna sau uku, jifa sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku. Wannan lissafi kuwa kafin hatsarin Malita ya yi shi.

Abubuwa biyu daga waɗannan shekaru muna so mai karatu ya riƙe, domin za mu komo kansu. A Listira, da Bulus ya warkar da wani gurgu, jama'a suka ce alloli ne suka sauko, har firist na gunkinsu ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu suka kutsa cikin taron suna hanawa, suna nuna su ma mutane ne kamar kowa. A Afisa kuma Allah ya yi ayyukan al'ajabi ta hannunsa, har ana kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikinsa suna warkewa. Wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19, ba mu musunsa. Amma a sura ɗin nan dai aka ba da labarin waɗansu 'yan tsibbu bakwai da suka so su mai da sunan Yesu kalmar tsafi, mai aljan ya tattaka su suka fita tsirara, aka kuma ƙone littattafan sihiri na kuɗi azurfa 50,000. Ba inda aka ce Bulus ya sayar da ƙyalle ko ɗaya.

An kama shi a Haikali a Urushalima, ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Aka danƙa shi a hannun wani jarumin soja mai suna Yuliyas, suka shiga jirgin ruwa zuwa Roma a wajen shekara ta 59 ko 60. Lokacin tafiyar teku ya riga ya wuce, Bulus ya gargaɗe su a tsibirin Karita amma aka bi shawarar mai jirgi. Guguwa ta kwashe su kwana goma sha huɗu, suka zubar da kaya, suka zubar da alkamar da suka ɗauko, a ƙarshe jirgin ya kafe a yashi ya farfashe. Mutum 276 ne a ciki, ba ko ɗaya da ya halaka.

Tsibirin da suka fita shi ne Malita, wanda a taswirar yau ake rubutawa Malta, ɗan ƙaramin wuri a Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili. Ana ruwa, ana sanyi, mutanen wurin suka hura musu wuta. Mu lura fa, ɗaurarre ne, ya tsufa, ya fito daga ruwa yanzu yanzu, amma bai zauna yana jira a yi masa hidima ba, ya tashi ya tattaro kirare kamar kowa. Yana zubawa a wuta ke nan sai zafi ya koro maciji ya ɗafe masa a hannu. Mutanen suka yanke hukunci nan take cewa lalle mai kisankai ne da alhaki ya biyo. Bulus ya karkaɗe macijin cikin wuta. Suka zuba ido su ga ya kumbura ko ya faɗi matacce, da suka ga shiru sai suka juya suka ce ai allah ne. Daga baya ya yi wa mahaifin Babiliyas, shugaban tsibirin, addu'a ya warke daga zazzaɓi da atuni, sauran marasa lafiya ma suka zo aka warkar da su. Bayan wata uku suka shiga wani jirgin Iskandariya suka ci gaba.

Iyakar abin da Luka ya rubuta ke nan. Sauran duk daga baya aka ƙara.

Mutanen Malita sun lura tsibirinsu ba shi da maciji mai kisa, kuma har yau haka yake: macizai iri huɗu ne a can, ba wanda dafinsa ke kashe mutum. Sai labari ya tashi cewa Bulus ne ya cire musu dafi. A cikin duwatsun tsibirin kuma ana yawan tono waɗansu abubuwa masu kusurwa uku, masu santsi, masu kaifin gefe kamar zarto, waɗansu kamar ɗan yatsa, waɗansu sun cika tafin hannu. Aka ce harsunan macizan da manzo ya la'anta ne suka zama dutse. Waɗansu suka ce a'a, siffar harshen Bulus ne kansa ta fito a jikin dutse saboda ƙarfin wa'azinsa. Har yau a harshen Malita sunansu harshen Bulus Mai Tsarki. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙananan duwatsu kewayayyu da aka kira idon maciji, ana ɗora su a kan zobe.

Sai kuma ƙasa. A garin Rabat akwai wani kogo da ake cewa a ciki Bulus ya zauna waɗannan wata uku. A farkon ƙarni na 17 wani mutumin Sifen mai suna Juan Benegas ya tare a wurin yana yayata darajarsa, a 1617 kuma kogon ya shiga hannun Baraden Yohanna Mai Tsarki, ƙungiyar mayaƙan da ta mallaki Malita daga 1530 zuwa 1798. Ana kankare farin dutsen bangon kogon a niƙa, a cura shi ƙwaya ƙwaya ko a yi ƙoƙon sha da shi, a buga masa hatimi mai hoton Bulus riƙe da takobi, a haɗa da takardar da ke bayyana yadda ake amfani da shi. Ana jiƙawa a ruwa ko ruwan inabi a sha don saran maciji, da guba, da zazzaɓi. Har cewa aka yi komai yawan kankarar da ake yi kogon ba ya ƙaruwa. A kasuwannin Italiya kuwa akwai masu wasa da maciji, kamar gardawanmu, da suke cewa su zuriyar gidan Bulus ne, dafi ba ya kama su. Sai su bar maciji ya sare su a gaban jama'a, sa'an nan su buɗe jakar ƙasar Malita su fara ciniki. Likitocin zamanin, irin su Mattioli, sun rubuta yadda waɗansunsu ke tatse dafin macijin tun kafin su fito fili. Littafi Mai Tsarki dai bai nuna Bulus yana da mata ba, balle a yi zancen zuriya.

Manya ma ba a bar su a baya ba. A zamanin da sarakunan Turai ke kashe juna da guba a abinci, sai a ƙera ɗan itace na azurfa ko na murjani a rarrataya masa waɗannan harsuna a ajiye a kan teburin cin abinci. An ɗauka cewa idan akwai guba kusa dutsen zai yi gumi ko ya sāke launi. Akwai irin waɗannan itatuwa har yanzu a taskokin biranen Dirasdan da Biyana.

A ƙarni na 16 da na 17 wata al'ada ta yaɗu a tsakanin sarakuna da likitoci da attajiran Turai, wato a keɓe ɗaki guda a cika shi da abubuwan al'ajabi daga ko'ina a duniya: ƙwan jimina, kada busasshe, kibiyoyin mutanen Amurka, tsofaffin kuɗi, duwatsu masu siffa. Ferrante Imperato, mai haɗa magunguna a birnin Nafoli, ya buga hoton nasa ɗakin a 1599, ga kada a manne a rufi. Ole Worm, likita a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, an buga littafin kayan ɗakinsa a 1655, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. A fadar Fafaroma ma likita Michele Mercati ya tara duwatsu akwati akwati. Harshen dutse da ƙasa mai hatimi suna cikin kayan da irin waɗannan ɗakuna ba sa rasawa. Daga waɗannan ɗakuna ne gidajen ajiye kayan tarihi suka samo asali, irin wanda aka buɗe a Okasfod a 1683, har zuwa namu na Jos da aka buɗe a 1952 da Gidan Makama na Kano.

To, a nan abin ya juya. Da aka jera kayan kusa da juna a kan kanta ɗaya, sai ido ya fara kwatantawa. A 1616 wani mutumin Nafoli mai suna Fabio Colonna ya sa harshen dutse a wuta, ya ga ya ƙone kamar yadda ƙashi ke ƙonewa, ya ce wannan haƙori ne. A watan Oktoba na 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak, wato kifin tekun nan mai cin mutane, kusa da Liborno. Sarkin Filorans, Ferdinando na Biyu, ya sa aka kai kan kifin wurin wani saurayi likita ɗan Danmak mai suna Nicolas Steno ya feɗe. Steno ya duba haƙoran, ya duba harsunan Malita, ya ga abu ɗaya ne, ya buga bayaninsa a 1667. A 1670 Agostino Scilla, mai zane daga Masina, ya fitar da littafi da hotuna inda ya nuna har alamar cin da haƙoran suka yi da yadda suke jere a muƙamuƙi. Manyan cikinsu haƙoran wani irin shak ne da ya ƙare a duniya tun da daɗewa, haƙorinsa ɗaya yakan kai tsawon inci bakwai. Idon macijin nan ma haƙoran wani kifi ne mai tauna dodon koɗi. Malita kanta tsohon gindin teku ce da ya taso. Kayan Scilla wani likitan Ingila, John Woodward, ya saye su a 1717, suna nan a Jami'ar Kambirij.

Wani zai yi tsammani masu wannan bincike maƙiyan bangaskiya ne. Ko kusa. Woodward a ganinsa haƙoran shaida ne na ruwan Tufana na zamanin Nuhu. Steno kuwa, wanda a yau ake lissafta shi cikin iyayen ilmin duwatsu da ƙasa, ya zama firist a 1675, ya zama bishop a 1677, ya ƙare ransa cikin talauci yana kiwon 'yan tsirarun masu bi a arewacin Jamus, ya rasu a 1686. Gane cewa dutsen haƙorin kifi ne bai rage masa ko kaɗan daga abin da Luka ya rubuta ba, domin Luka bai taɓa ambaton dutse ba.

Kada mu yi wa Turawan dā dariya, mu ma muna da namu. Manomi yakan tono wani dutse mai santsi mai baki kamar gatari a gona, mu ce gatarin aradu ne, da tsawa ya faɗo, har a ajiye shi a ɗaki don tsari. Turawa ma haka suka ɗauka, kuma Mercati ɗin nan da muka ambata yana cikin na farko da suka gane cewa mutanen dā ne suka sassaƙa su tun ba a san ƙarfe ba. Abin mamaki, shi ɗin dai ya ƙi yarda cewa harsunan Malita haƙora ne. Mai ilmi ma yakan gane ɗaya ya kasa gane ɗaya. Haƙoran kifin teku kuwa ba sai an je Malita ba. An tono su a ƙasar Sakkwato, har wani masani a Landan, Errol White, ya buga bayaninsu a 1934. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi cike yake da ɓawon halittun ruwa, gama masana sun nuna teku ya taɓa malalowa ta Sahara har can.

Wanda ya fi damunmu shi ne baƙin dutsen maciji. Dattawanmu da yawa sun san shi, kuma mu faɗi gaskiya, a wurare da dama na Afirka ta hannun 'yan mishan ya yaɗu, da kyakkyawar niyya, a lokacin da asibiti ke da nisa. Ƙashin dabba ne da aka ƙona. Yana manne wa rauni domin yana tsotsar danshi, amma gwajin da aka yi ya nuna ba ya zuƙo dafin da zai ceci rai. Dalilin da ya sa ake ganin kamar yana aiki shi ne dalilin da ya sa ƙasar Malita ta yi suna: macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma ba kullum suke zubawa ba, sai mutum ya warke don kansa a yaba wa dutse. Amma ranar da kububuwa ta zuba dafi sosai, jini yakan ƙi daskarewa, mutum yana hira yau, gobe ko jibi jini ya ɓalle ta dasashi ko ta ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa ta haka kowace shekara. Likitoci sun yi nazarin wannan a asibitin Zariya a shekarun 1970, sun kuma yi a maƙwabtanmu Malumfashi a kan gamsheƙa mai feshin dafi a ido. Abin da ke kashe dafi shi ne allurar maganin dafi, irin wadda ake yi a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe.

Saboda haka idan maciji ya sari wani a cikinmu, mu yi addu'a muna tafiya. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da munduwa kafin kumburi, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauki mutum a kai asibiti. In dafi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa. Mun san yadda rashin tsaro ya sa fita da dare ta zama abin tsoro a wannan yanki namu, shi ya sa ya kamata dattawan kowace ikilisiya su bincika tun kafin damina wane asibiti ne ke da allurar, da wanda zai ba da babur ko mota. Haka kuma idan wani ya zo da ƙasa, ko ruwa, ko ƙyalle a kwalba ya ce daga wuri mai tsarki ne, ga kuma farashinsa, mu tuna da Listira da Afisa. Ko macijin tagulla da Musa ya ƙera bisa umarnin Allah, da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya farfashe shi ya yi.

Mu koma ga Bulus. Daga Malita jirgi ya bi ta Sirakusa da Rigiyum ya sauke su a Butiyoli, 'yan'uwa daga Roma suka fito taryensa a hanya. Ya yi shekara biyu cur a gidan da ya yi haya, soja yana gadinsa, yana karɓar duk wanda ya zo, yana wa'azin Mulkin Allah. A nan littafin Ayyukan Manzanni ya tsaya. Marubutan ikilisiyar farko sun shaida cewa an kashe shi a Roma a zamanin Kaisar Niron, tsakanin shekara ta 64 da 67, kuma da takobi aka fille masa kai, domin ba a gicciye ɗan ƙasar Roma. Takobin da ke hannunsa a hatiman ƙasar Malita wannan ne.

A sura ta ƙarshe ta wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti mun ga kayan da suke nasa na ainihi. Ya roƙi Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi, ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, musamman na fata. An binne shi a bakin hanyar Ostiya, bayan ganuwar birnin Roma, inda aka gina babbar majami'a mai sunansa a ƙarni na huɗu. A 2006 masu tono suka buɗe gefen akwatin dutse da ke ƙarƙashin bagade, a 2009 kuma aka sanar cewa gwajin da aka yi wa gutsattsarin ƙasusuwan da ke ciki ya nuna na mutumin ƙarni na ɗaya ko na biyu ne. Mutanen Malita har yanzu suna hutun aiki kowace ranar 10 ga Fabrairu don tunawa da fashewar jirgin.